Yadda Ake Shirya wa Annoba a Unguwar da Siyasa Ta Raba Kan Jama'a

Tun da mashaƙo ya addabi Kano daga ƙarshen 2022, tambaya ɗaya take ta dawo mini daga masu unguwanni, kansiloli da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa. Suna cewa: mun ji a shirya wa annoba, to ta ina za mu fara, alhali rabin unguwa ba ya zuwa taron da ɗaya rabin ya kira? Wani ya ce a mazaɓarsu ko yashe kwata za a yi, sai an fara tambayar wace jam'iyya ce ta kawo shebur.

Ba aikin likita zan koyar ba. Magani da allura da motar asibiti gwamnati ce za ta kawo su, ko da a makare. Abin da ba ya zuwa a bayan mota shi ne yarda, wato mutum ya buɗe ƙofar gidansa ya ce ga marar lafiyarmu nan. Wannan a unguwa ake gina ta, kuma lokacin da kowa yake lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda ake bi, mataki bayan mataki, kuma jerin yana da muhimmanci.

Mataki na 1: Gano inda unguwarka ta tsage

Ɗauki takarda ka zauna da mutum biyu da suka girme ka a unguwar, namiji da mace. Ku rubuta ɓangarorin da ba sa jin maganar juna. Jam'iyyu ne na farko, amma kada ku tsaya nan, domin sau da yawa rikicin cikin gidan jam'iyya ɗaya ya fi zafi. Ku sa Izala da Ɗariƙa da sauran masallatai, coci idan akwai, 'yan asali da baƙi, rugar Fulani ta bayan gari, da gidajen da suka yi takarar sarauta suka rasa. A gaban kowane ɓangare ku rubuta sunan mutum ɗaya da idan ya yi magana mutanensa za su saurara. Ba lallai ya zama mai muƙami ba. Wani lokaci tela ne, ko mai shayi da majalisarsa take cika bayan isha'i, ko wata Hajiya mai adashe da matan layi uku suke zubi a wurinta.

Gargaɗi: takardar nan taku ce ku uku. Kada ta shiga WhatsApp. Ranar da wani ya ga an rubuta shi a matsayin ɗan wane ɓangare, aikin ya mutu tun bai fara ba.

Mataki na 2: Kafa kwamiti ɗaya tak

Nan ne gindin aikin, saboda haka zan daɗe a kai.

Fara da tambayar asibitin unguwarku ko akwai kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda tsarin lafiya a matakin farko ya tanada a kowace mazaɓa. Idan akwai, a farfaɗo da shi a faɗaɗa shi. Kafa wani sabo a gefensa yana nufin kwamiti biyu, kuma ba a daɗewa kowanne zai zama na jam'iyya guda.

Kimanin mutum goma sha shida sun isa. A ciki dole a samu mai unguwa ko dagaci, jami'in asibitin unguwa, limamai daga kowane ɓangare, fasto idan akwai coci, malamin tsangaya, shugaban makarantar firamare, ungozoma, mai kemis, sarkin aska, wakilin masu adaidaita sahu ko direbobin tasha, ɗaya daga masu aikin makabarta, da matasa biyu daga jam'iyyu mabambanta. Mata kada su gaza huɗu. Su ne ke jinya, su ne ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, kuma su ne ke fara sanin an kwantar da yaro a ɗaki.

Wa zai shugabanta? Shawarata kada ya zama kansila, ko da mutumin kirki ne. Kansila kujerarsa ta zaɓe ce, kuma akwai waɗanda ganinsa a kan gaba ya ishe su dalilin ƙin zuwa. Ya zama mamba, aikinsa shi ne buga ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma. Haka wanda ya kayar, ko jagoran adawa a mazaɓar, shi ma a ba shi kujera da aiki na gaske, kamar kula da kayan ajiya. Mutumin da aka bari a waje ba ya zama shiru. Rediyo yake tafiya.

Gayyatar ma tana da ladabinta. Mai unguwa ya taka da ƙafarsa zuwa gidan wanda ake ganin zai ƙi, kada a aika yaro da wasiƙa. Magana kamar haka ta wadatar: “Alhaji, na zo ne a kan abin da ya shafi jikokinka da nawa. Ba na neman ka bar inda kake. Kujera ɗaya ce na ajiye, kuma babu wanda zai cike ta sai kai.” Ga limami kuwa: “Allah gafarta Malam, ba mu son mu yanke komai game da masallaci ba tare da kai ba, shi ya sa muka zo tun babu ciwo.”

A zaman farko a amince da ƙa'idoji uku a rubuce, kowa ya sa hannu: ba a shiga zama da hula ko riga mai alamar jam'iyya, ba a yin zama a gidan ɗan siyasa ko ofishin jam'iyya, sai harabar asibiti ko makarantar firamare, kuma abin da aka faɗa game da ciwon wani gida ba ya fita.

Kada wani ya ce abu ne da ba ya yiwuwa. A watan Yulin 2014, da Ebola ta shigo Legas, gwamnan jihar, Babatunde Fashola, ɗan APC ne, gwamnatin tarayya ta Goodluck Jonathan kuma PDP, ga zaɓen 2015 ya ƙarato. Duk da haka cibiya ɗaya aka kafa, aka ɗauko ƙwararru daga aikin yaƙi da shan inna, aka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana marar lafiyar farko fita daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoban shekarar aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar. Ɗakin aiki ɗaya ne ya yi wannan, kuma irinsa kake son ginawa a ƙaramin ma'auni.

Gargaɗi: kada kwamitin ya rataya a wuyan fada ɗaya ko ofis ɗaya. A Kano an sauke sarki ranar 9 ga Maris 2020, wata guda kafin a tabbatar da mai korona na farko a jihar ranar 11 ga Afrilu, sannan a Mayun 2024 rikicin masarautar ya sake tashi. Kwamitin da ikonsa yake kan takarda mai tambarin wani yana girgiza duk lokacin da kujerar ta girgiza. Ikonku ya fito daga sa hannun 'yan unguwa.

Mataki na 3: San wanda za ka kira

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya, wanda aikinsa shi ne karɓar rahoto, ɗaukar samfuri, da aikawa jiha. Ku je ku gan shi ido da ido, ku karɓi lambarsa da ta mataimakinsa, shi ma ya karɓi ta mutum biyu daga cikinku. Ku haɗa da lambar shugaban asibitin unguwa, ta babban asibiti mafi kusa, ta direbobi biyu da suka yarda a tashe su da tsakar dare, da layin kyauta na hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232. A rubuta a kwali, a manna a asibiti, kemis da zauren mai unguwa. Duk bayan wata uku wani ya buga kowace lamba ya ji ko tana shiga, domin ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki.

Mataki na 4: Sa kunnuwa a inda labari yake fara fitowa

Annoba ba a asibiti take fara bayyana ba. Mai kemis ne ke fara ganin maganin gudawa ya ƙare cikin kwana biyu. Malamin tsangaya ne ke ganin almajirai biyar sun kasa tashi karatun asuba. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara faɗin cewa gawarwaki sun yi yawa fiye da yadda suka saba, aka ɗauki makonni ana musu a kai. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma rabi ko fiye na iya zama da alaƙa da korona. Da akwai littafi a kowace makabarta da mutumin da ke duba shi duk mako, da musun bai yi tsawon haka ba.

Saboda haka a sayi litattafan rubutu guda biyar ko shida. Ɗaya makabarta: kwanan wata, kimanin shekarun mamaci, layinsu, da abin da dangi suka ce ya yi fama da shi. Sauran a ba masu kemis, ungozoma da makarantu. Duk Juma'a bayan la'asar mutum ɗaya ya zagaya ya tattara.

Akwai abubuwan da ba sa jiran Juma'a. A kira jami'in sa ido a ranar idan an ga:

babba ko yaron da ya kai shekara 5 yana gudawa tsararo kamar ruwan shinkafa har ya galabaita, ko ya rasu;
zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi da ƙura;
ciwon maƙogwaro da farin abu ko toka-toka a ciki, da kumburin wuya;
yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya;
zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, balle idan jini ya fara fita;
mutum biyu ko fiye a gida ɗaya ko layi ɗaya sun rasu da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Gargaɗi: mai kemis da wanzami ba za su kawo rahoto ba idan suna tsoron a rufe musu sana'a. A gaya musu ƙarara cewa littafin ba na kama kowa ba ne, kuma a cika alkawarin.

Mataki na 5: Kaya da asusu

Farashi yana sauyawa wata-wata, don haka ku yi lissafi da kaya, sannan ku tambayi kasuwa a makon da za ku saya. Abin da unguwa take buƙata a ajiye: bokiti mai famfo ga kowane masallaci, coci da makaranta, katan ɗin sabulu, bilicin, safar hannu da takunkumin fuska na masu jinya da masu wankan gawa, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, aƙalla kwali ɗaya, ma'aunin zafin jiki biyu, lasifikar hannu da batir. Sai kuɗin kati da na man mota na kai marar lafiya sau uku ko huɗu. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, kuma shi ne aka fi nema da daddare.

Ma'aunin da ya kamata kowa a kwamitin ya haddace guda biyu ne. Idan ƙunshin asibiti ya ƙare, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce a zuba sukari ƙaramin cokali shida shafaffu da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mai gudawa yana kurɓa har a isa asibiti. Bilicin kuwa, idan kwalbar ta nuna ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, gwangwani ɗaya a ruwa gwangwani shida shi ne na wanke inda amai, gudawa ko jini ya zuba. Na wanke hannu sai a ɗebi gwangwani ɗaya daga wannan haɗin a ƙara masa ruwa gwangwani tara. Ana haɗa sabo kullum, ba a sha, kuma ba a gauraya shi da wani sinadari.

Kuɗin fa? Hanyar da ta fi dorewa ita ce karo-karo kaɗan daga gidaje da yawa, misali kimar mudun hatsi ɗaya daga kowane gida a shekara, a karɓa da kaka lokacin da hannu yake da ɗan sauƙi. Masu sa hannu a asusu su zama uku daga ɓangarori uku, ɗaya mace. Duk wata a manna lissafin shiga da fita a bangon masallatan Juma'a da na asibiti.

Gargaɗi: ɗan siyasa zai kawo gudummawa, kuma bai kamata a mayar masa ba. A karɓa da sharaɗi: babu hoto ko tambari a jikin bokiti ko buhu, sunansa kuma ya shiga jerin masu bayarwa daidai da na kowa. Bokitin da ke ɗauke da fuskar ɗan takara, akwai masallacin da ba zai ajiye shi a ƙofarsa ba, kuma mutanen da ke salla a can su ma hannu gare su.

Mataki na 6: Zaɓi bakin da zai yi magana, ka shirya wa jita-jita

Saƙo ɗaya ake so, amma ta bakuna da yawa. Kwamiti ya zauna da jami'in lafiya ya tsara magana gajeriya: me ake gani, me za a yi a gida, ina za a je, wa za a kira. Sai kowane ɓangare ya ji ta daga nasa. Mabiyin Izala ya ji daga limaminsa, ɗan Ɗariƙa daga muƙaddaminsa, mata a islamiyya da gidan suna, matasa daga wanda suke bi a Facebook da TikTok, mai shela kuma ya zagaya da yamma. Masu yi wa 'yan siyasa sojan baka a rediyo, idan akwai su a unguwarku, a kai musu saƙon tun da wuri a roƙe su su keɓe wannan batu daga gasarsu.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne raina mai shakka. Mutanenmu ba haka kawai suke tsoron allura ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu a cikin gwajin, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Dattijon da ya tuna wannan ba jahili ba ne. Idan ka ce masa ƙarya ne, ka rasa shi. Ka ce masa: “Baba, abin da ka faɗa ya faru, kuma ba daidai ba ne. Ga bambancin wannan da waccan, ga kwalbar ka duba, ga ɗana nan za a fara yi masa a gabanka.”

Darasi na biyu daga shan inna yake. A 2003 jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa ta haɗu da zafin zaɓen shekarar, Kano tana hannun ANPP, tarayya tana hannun PDP, aka dakatar da riga-kafin a jihar har zuwa ƙarshen Yulin 2004. Ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yara da yawa suka shanye. Abin da ya juya lamarin ba tsawa ba ce. An yi gwaje-gwajen da jihar ta aminta da su, an kawo maganin daga Indunusiya, sarakuna suka riƙa ɗiga wa yara a bainar jama'a, a 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, aka kuma ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Shekara guda ta ƙauracewa, shekaru masu yawa na gyara.

A aikace ga yadda za ku yi. Ku ware mutum biyu, saurayi da budurwa ko matar aure, aikinsu sauraron abin da ke yawo a WhatsApp da majalisu. Duk jita-jitar da za ta iya cutar da rai a kai wa jami'in lafiya a ranar, a dawo da amsa kafin kwana ɗaya, cikin saƙon murya na minti ɗaya da muryar wanda aka sani. Gudun yana da dalili: a Agustan 2014 saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don tsare kai daga Ebola ya karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Gargaɗi: kada ka tura jita-jitar kanta kana cewa ƙarya ce, domin ka ƙara mata tafiya. Faɗi gaskiyar kawai. Kuma idan an tambaye ka abin da amsarsa ba ta zo ba tukuna, ka ce za ka tambayo, ka dawo da amsar a ranar da ka ambata.

Mataki na 7: Masallaci, makaranta da jana'iza

Wannan a tattauna shi tun yanzu, cikin sanyin rai. A 2020 an ga abin da ke faruwa idan umarnin rufe masallatai ya faɗo daga sama ba shawara: a Yamai matasa sun fito tituna suna ƙona tayoyi dab da azumi, a garuruwanmu da dama kuma aka riƙa salla a ɓoye. Malamai sun san hujjojin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da fita daga cikinsa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abin da ake buƙata shi ne limaman unguwa su zauna tare su amince da matakai hawa-hawa: wanke hannu a ƙofa da zuwa da darduma, gajarta huɗuba da fita fili, sai mataki na ƙarshe idan hukumomin lafiya suka ce ya zama dole. Idan ranar ta zo, duka su sanar a Juma'a ɗaya, don kada wani masallaci ya zama na masu tsoro, wani na masu imani.

Jana'iza ta fi komai taɓa zuciya. A zaɓi maza biyu da mata biyu daga masu wankan gawa, jami'in lafiya ya koya musu sa safar hannu da cire ta, da yadda ake yi da gawar mai kwalara. Gawar wanda ake zargin Lassa ko Ebola kuwa ba a taɓa ta, ma'aikatan da aka horar ake jira, kuma aikin kwamiti ya tabbatar an yi wa mamaci salla, dangi sun ga inda aka sa shi. Iyalin da aka hana wannan, na gaba ɓoye marar lafiyarsu za su yi.

Tsangaya kuma a yi mata tanadi a inda take. A 2020 jihohi sun yi ta lodin almajirai a motoci suna mayar wa juna, kuma an samu da dama ɗauke da cutar bayan isarsu. Ku san adadin yaran kowace tsangaya, inda za a keɓe marar lafiya, da gidajen da za su ɗauki nauyin abinci idan bara ta tsaya.

Mataki na 8: Kwana biyun farko

Da rahoto ya zo, a kira jami'in sa ido kafin a kira kowa. Marar lafiya a keɓe shi a ɗaki ɗaya da mai jinya ɗaya, sannan a kai shi asibiti. A kira zaman gaggawa a daren. A rubuta sunayen waɗanda suka yi mu'amala da shi a miƙa wa jami'in kaɗai. Kwanakin sa ido sun danganta da cutar, Lassa da Ebola kwana 21 ne. Idan gudawa ce, a duba rijiya ko famfon da gidan ke ɗiba, a yi magana da 'yan ga-ruwa. Washegari saƙo ya fita ta bakunan da aka tsara.

Gargaɗi: ba a ambatar sunan gida a shela. Kuma ba a jiran izinin shugaban ƙaramar hukuma kafin a kai rahoto, ko da wani ya ce labarin zai ɓata wa gwamnati suna. Ranar da aka keɓe gida, ranar za a fara kai musu abinci da ruwa, mai unguwa kuma ya tsaya daga ƙofa ya gaishe su kullum.

Mataki na 9: Rabon tallafi

Nan ne yarda ta fi saurin karyewa. A Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbunan tallafin korona a Legas, Jos, Kaduna, Gwagwalada da wasu garuruwa, saboda sun ga abinci a kulle alhali sun sha yunwa lokacin kulle. Tun daga nan duk wanda ya riƙe buhu ana masa kallon zargi.

Jerin mabuƙata a yi shi tun babu tallafi. A bi layi-layi, mutum biyu daga ɓangarori biyu, da ma'auni bayyananne: zawarawa masu marayu, tsofaffi marasa mai kula, masu nakasa, masu ciwo mai tsanani, da waɗanda sai sun fita suke ci. A karanta adadin kowane layi a gaban jama'a, a bar mako guda na ƙorafi. Idan kaya sun iso a sauke su da rana, a ƙirga a gaban shaidu, a sanar da adadin, a raba cikin kwana biyu. Ba a neman katin jam'iyya ko katin zaɓe. 'Yan kwamiti da iyalansu su zo ƙarshe. Idan kayan ba su kai ba, a faɗa, a yi ƙuri'a a fili, waɗanda ba su samu ba su zama farkon zagaye na gaba.

Mataki na 10: Gwaji da miƙa aiki

Kwamitin da ba ya aiki sai annoba ta zo, kafin ta zo ya watse. Ku ba shi aikin yau da kullum: bin yaran da ba su kammala riga-kafi ba. Allurar da ke kare mashaƙo ana yin ta a mako 6, 10 da 14 da haihuwa, ta ƙyanda a wata 9, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Yawancin yaran da mashaƙo ya kama a Kano ba su samu cikakken riga-kafi ba, don haka wannan aikin kansa shiri ne.

Sau biyu a shekara ku yi gwaji, ɗaya kafin damina saboda kwalara, ɗaya da shigowar hunturu saboda sanƙarau da Lassa. Sakatare ya buga waya da ƙarfe goma na dare ba tare da sanarwa ba, ya ce yara uku a layi kaza suna gudawa. A duba agogo: minti nawa kafin a samu jami'in, wane direba ya ɗaga waya, wa ke riƙe da makullin ɗakin kaya, bilicin ɗin bai lalace ba? Abin da ya gaza a rubuta shi, a gyara cikin mako.

Shekarar zaɓe kuma a ƙara ƙa'ida ɗaya: duk ɗan kwamitin da ya sayi fom ɗin takara ya ajiye kujerarsa har a gama, ɓangarensa ya kawo wani. Bayan zaɓe, cikin wata na farko, shugaban kwamiti da mai unguwa su kai wa sabon kansila kwafin littafin lambobi da lissafin asusu, su gayyace shi zama na gaba. Tsohon kansilan kuma a sanar da shi ranar zaman, domin kujerar jagoran adawa yanzu tasa ce.